Godiya bayan tseren ranar Lahadi

Assalamu alaikum 'yan'uwa da abokan arziki. Alhamdu lillahi, na gama lafiya. Ranar Lahadi na shiga gasar tirayatulon karo na farko a rayuwata, a wani tafki da ke Yokshaya a arewacin Ingila: ninkaya mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5, a jere ba hutu. Wannan shi ne gajeren zango, rabin wanda ake yi a Olamfik. Tun asuba ake tsuga ruwa da iska, aka kuma sanar mana sanyin tafkin ya sauka zuwa digiri 13, don haka kowa dole ya sa rigar roba.

Ina faɗawa ruwan numfashina ya ɗauke, kamar an ɗaure mini ƙirji da igiya. Ban yi mita ɗari ba na juya rigingine na ɗaga hannu, yadda aka koya mana. Wata baiwar Allah cikin masu gadi a ƙananan kwale-kwale ta matso. Doka ta yarda ka riƙe kwale-kwalen ka huta, muddin ba a ja ka gaba ba. Ba ta ce in fita ba, ba ta ce in yi sauri ba. Ƙirga mini numfashi ta riƙa yi, ɗaya, biyu, har ƙirjina ya saki. Ban san sunanta ba, fuskarta ma ruwan sama bai bari na gani sosai ba. Allah Ya saka mata da mafificin alheri.

A wurin canji daga ninkaya zuwa keke kuma yatsuna suka ƙi aiki. Ba a taɓa keke sai an ɗaure hular kwano, ni kuwa na kasa haɗa maɓallin, kuma an hana kowa sa maka hannu. Wani dattijo mai kula da wurin, ruwa na zuba ta bakin hularsa, ya tsaya a gabana ya ce in cusa hannuwa a hamata in ƙirga ashirin. Na yi, maɓallin ya shiga. Mutanen nan aikin sa-kai suke yi, sun fi awa biyar a tsaye cikin ruwa saboda baƙin da ba su sani ba. A ganina su suka fi cancantar lambar da aka rataya mana.

Keken dai a hankali na bi, don birki ba ya kamawa sosai a jiƙaƙƙen titi. Sai da na yi kilomita biyu ina gudu kafin na fara jin tafin ƙafata.

Ina godiya ga malamar ninkayata, wadda ta karɓe ni ina da shekara 34 ina tsoron sa fuska a ruwa, da 'yan ƙungiyarmu da muke gudu a filin shaƙatawa na Roundhay da ke birnin Leeds duk Asabar, musamman wanda ya ara mini kekensa bai ko tambayi ranar dawowa ba.

Maman yara, wata bakwai kina tashi da yaran ke kaɗai ina wurin atisaye. Ranar kuma kika tsaya a bakin layi da lema da fulas ɗin shayi mai citta, kina kiran sunana da Hausa har na jiyo ki cikin hayaniya. Na gode, Allah Ya bar mu tare.

Hajiyata a Zariya, na san ba ki so ba. Kin ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, amma kika sa albarka, kika kwana kina addu'a. Na fito lafiya, Hajiya. Lambar tana nan na ajiye miki, in sha Allahu da hannuna zan kawo ta da Babbar Sallah.