Laraba: horo da farar ƙwallo

Hazo ya sauko sosai yau, teburin wasan pul (pool) ne ya fara nunawa. Bayan la'asar na shafa tafin hannu a kan ƙyallen, hannun ya fito fari fat. Irin wannan ƙura ce ke kashe ƙwallo kafin ta kai inda aka aike ta. Sai da muka share shi da burushi mai laushi, daga kai zuwa ƙasa, hanya guda, sannan muka goge ƙwallayen nan 16 ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai goge ba, allin da ya manne a jikin fara, wato ƙwallon da ake bugawa da sanda, zai kama ƙwallon da ta buga, ta kauce daga layi, shi kuma ya ɗora wa idonsa laifi.

Wasan nan kowa a nan sinuka yake ce masa, amma sinuka ta ainihi ƙwallo 22 ce a kan babban tebur. Namu 15 ne da fara: 1 zuwa 7 masu launi guda, 9 zuwa 15 masu zane, sai baƙa mai lamba 8, wadda ake zurawa a ƙarshe.

Fatar bakin sandata ta baje ta wuce zoben da ke riƙe da ita. Na datse gefen da reza, na bi saman da samfefa har ya yi ɗan tudu, na bar shi da kaushi don ya riƙe alli. Baki mai santsi shi ke sa sanda ta zame ta yi "ƙyas". Alli kuma shafa shi ake yi a hankali kafin kowane bugu. Murza shi a wuri guda rami kawai yake haƙa masa.

Horon yau na tsayar da fara ne. Ƙwallo guda kusa da ramin kwana, fara a miƙe da ita, bugu 20 daga kusa, 20 daga tsakiyar tebur, 20 daga nesa. Daga kusa, tsakiyar fara ya isa. Tazara na ƙaruwa, dole bakin sanda ya ƙara sauka, domin ƙyalle yana cinye juyin baya a hanya. So ake ta iso tana zamewa, ba tana mirginawa ba, a nan ne take tsayawa cak. Idan kuwa gefen ƙwallo ta buga tana zamewa, za ta fita a kwana mai digiri 90 daga hanyar ƙwallon. Wanda ya riƙe wannan layi a kansa ya san inda fara za ta kafin ya sunkuya. Bugun saman fara yana lanƙwasa layin gaba, na ƙasa ya jawo shi baya. Wannan sashe na wasan shi na fi ƙauna, ba ya ƙarewa. Ƙwallo 526 da Willie Mosconi, gwanin wasan ɗan Amurka, ya zura a jere a 1954 ba bugu masu wuya ba ne, fara ce yake ajiyewa inda na gaba zai zo da sauƙi.

Wani matashi a tebur na gefe ya ce, "Yaya, me ya sa fara ba ta dawo min?" Na tsaya na kalle shi sau uku. Yana ɗaga gindin sanda, yana damƙe ta kamar taɓarya, kuma da ta taɓa fara sai ya fizge hannu. Na ce masa, "Ƙanina, kwantar da ita, sassauta yatsu, ka bar bakin ya wuce wurin da fara take da kamar santimita 10." A na biyar ta dawo masa kusan taƙi biyu, ya kasa rufe baki. Na hana shi bugun gefe tukuna: ka bugi fara ta dama, ta ɗan kauce hagu, wanda hannunsa bai miƙe ba ba zai gane inda kuskuren ya fito ba.

Bayan magariba muka yi wasa bakwai. Biyun da suka kuɓuce min duk abu guda ne, an cinye masu sauƙi an bar biyu manne da juna a bango. Lissafi daga baƙa ake farawa a dawo baya: wace ƙwallo ce za ta kai ni ga baƙa, wace ce za ta kai ni gare ta. Cunkoso kuma da wuri ake fasa shi, tun akwai wata a bakin rami da za ta cece ka.

Sanda na cikin jakarta, ban jingina ta da bango ba, kar ta lanƙwashe. Gobe bugun farko na fasa ƙwallaye zan yi, sau 30, da rabin ƙarfi, in ga ko fara za ta zauna a tsakiyar tebur.