Kwamfutoci 14, amma Windows ta ce wuri ya cika

Ofishin na masu lissafin kuɗi ne, kwamfutoci 14, babu saba (server, wato kwamfutar da aka keɓe don yi wa sauran hidima). Kwamfuta ɗaya mai Windows 10 Pro ce ke riƙe da foldar aikin da kowa ke buɗewa, firinta ma a jikinta take ta wayar USB. Da safe komai lafiya. Rana na yi, duk wanda ya zo buɗe folda a makare sai ya ci karo da kuskure mai lamba 71, wai kwamfutar ba za ta ƙara karɓar kowa ba. Maganin da suka saba shi ne a kashe ta a kunna, a lallaɓa zuwa gobe.

Ba lalacewa ba ce. Microsoft ce ta sa iyaka a kan Windows ɗin da ba na saba ba: XP Home na karɓar haɗi 5 a lokaci guda, XP Professional 10, daga Windows 7 zuwa 11 kuma 20. Tana cikin sharuɗɗan lasisi, shi ya sa ba na bin dabarun da ake yaɗawa na sauya fayilolin Windows don a fasa ta. Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda kwamfutoci 13 suka cinye gurbi 20.

Na buɗe Command Prompt da ikon admin a kan kwamfutar mai folda, na buga net session. Wannan na jero duk wanda ke haɗe: adireshinsa, sunan da ya shigo da shi, yawan fayil ɗin da ya buɗe da tsawon lokacin da ya yi ba motsi. Mai son gani a taga sai ya buɗe fsmgmt.msc ya shiga Sessions. Nan take lissafi ya fito. Kwamfutoci huɗu sun bayyana sau biyu-biyu, domin an haɗa musu folda da adireshin IP, firinta kuwa da sunan kwamfuta. A wurin Windows waɗannan hanyoyi biyu ne daban, kowace da gurbinta. Ga injin fotokofi da ke turo takardun da aka yi sikanin cikin folda, ga laftof biyu na ma'aikata a kan Wi-Fi. Ashirin cif.

Na fara da masu biyu-biyun. A kowace na buga net use * /delete, na shiga Credential Manager na goge tsofaffin kalmomin sirri, sannan na sake haɗa folda da suna kaɗai. Goge ɗin nan ya kashe wata matsalar ma, kuskure 1219, wanda ke fitowa idan mutum ya nemi shiga kwamfuta ɗaya da asusu biyu daban a lokaci guda. Dalilin da ya sa aka koma amfani da IP tun farko shi ne wuta: duk lokacin da NEPA ta ɗauke aka tada janareta, rauta na sake raba adireshi, suna ya ƙi amsawa na ɗan lokaci. Na ɗaure wa kwamfutar adireshi guda a cikin rauta ta lambar MAC ɗinta (lambar shaidar katin netwok ɗinta), na kuma nemi a sa rauta da swic (akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa) a kan UPS, batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke.

Firinta ita ce babban nauyi, kuma cire ta ya fi komai amfani. Tana da ramin wayar netwok da ba a taɓa amfani da shi ba. Na jona ta da swic, na ba ta adireshi tsayayye, na saka ta a kowace kwamfuta ta Standard TCP/IP Port. Daga nan mai son buga takarda kawai ba ya taɓa kwamfutar mai folda, ko a kashe take.

Sai masu zaman banza. Windows na sallamar haɗin da ya yi minti 15 ba motsi, ana ganin adadin da net config server. Na rage shi zuwa 5 da net config server /autodisconnect:5. Wanda aka sallama ba ya rasa komai, yana danna folda za ta sake haɗuwa, sai dai a ga jan alama a kan faifan kafin nan. Amma kada a dogara da wannan da yawa. Haɗin da ke da fayil a buɗe ba a sallamarsa, kuma masu lissafi kan bar Excel a buɗe su tafi sallah da cin abinci. Haka kuma net session /delete na korar kowa nan take, har da mai tsakiyar rubutu, don haka ba na buga shi sai na zagaya na ce kowa ya adana aikinsa.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafen da aka ɗora wa iyakar alhali ba ruwanta. Laftof ɗaya ba ta ganin kowa saboda netwok ɗinta na kan Public, sai da na mayar Private. Wata ma'aikaciya na buɗe fayil amma ba ta iya adanawa: izini kashi biyu ne, na Sharing da na Security, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Na bar na farko a buɗe, na tsara komai a na biyun, kowa da asusunsa da kalmar sirrinsa a kan kwamfutar mai folda. Ban bar shiga ta baƙo ba. Windows 11 Pro ta 24H2 ma ta rufe wannan hanya, kuma gara haka. Fotokofin tsoho ne, SMB1 kaɗai ya sani, wato tsohuwar hanyar raba fayil ta Windows, irin ƙofar da mugun bairos ɗin WannaCry ya bi a 2017. Na kashe SMB1 na mayar da sikanin zuwa imel.

Bayan wannan, jerin net session bai ƙara wuce 15 ba a lokacin da aiki ya fi zafi. Na gaya wa mai ofishin cewa idan ma'aikata suka kusa 18, kwamfutar tebur ta gama nata. Sai a sayi ƙaramin NAS, wato akwatin ajiyar fayil na netwok, mai faifai biyu da ke kwafar juna, ko a ɗora Linux da Samba (manhajar raba folda) a kan wata kwamfuta, waɗanda ba su da wannan iyaka ta 20. Idan manhajar lissafinsu sai Windows, to Windows Server da lasisinsa.