Rasit ɗin Malam da kwana ɗaya

Hazo tun asuba. Solar shagon Yaya ba ta ja komai ba, sai wajen azahar kwamfutar ta samu ɗan abin da za ta farka da shi.

Yau na kai wa Malam 'yar manhajar rasit ta Islamiyya, wadda na dame ku da zancenta. Ina ta murna, har da sa sabuwar hula. Abin da ya rage mini dama kwanan watan Hijira ne, kuma ban ga dalilin zama in rubuta lissafinsa da kaina ba alhali wasu sun riga sun yi. Daren Talata na hau tudun bayan firamare inda sabis ke kamawa, na shiga PyPI, rumbun da masu rubuta manhaja da yaren Python ke ajiye laburarensu, wato guntayen manhaja da wasu suka riga suka rubuta don kowa ya ɗauka. Laburaren da na fara gani tun zamanin Python 2 rabon a taɓa ta, shi kuwa Python 2 an daina kula da shi tun 2020. Wata kuma sai ta jawo 'yan rakiya, wato wasu laburaren da take dogaro da su, datata ba za ta iya ba. Na tsaya a kan hijridate: ƙarama, ba ta jingina da kowa ba, lasisin MIT mai bai wa kowa izinin amfani da ita kyauta, tana kaiwa har shekarar 1500 ta Hijira. Layi ɗaya na pip, abin da ake sauko da laburare da shi, magana ta ƙare. A zatona.

Malam ya riƙe rasit ɗin nesa da ido, kamar yadda ya saba idan ya bar tabarau a gida.

"Biyu ga Rajab? Yau ai ɗaya ga wata."

"Allah ya gafarta Malam, haka na'ura ta bayar."

"Ita na'urar ta ga wata ne?"

Na ce ba gani take yi ba, lissafi ne, kuma wani ne ya rubuta na ɗauko. Ya ce wane ne, a wajen wa ya karɓa? Na yi shiru. Na duba yawan taurarin yabo da laburaren ta samu a GitHub, shafin da ake ajiye manhajoji, na duba ranar da aka yi mata gyara na ƙarshe, amma ban tsaya na karanta bayanin da ke can sama ba. A gabansa na buɗe: Ummul Ƙura, kalandar Saudiyya, wadda ake lissafawa tun kafin wata ya tsaya. Mu kuwa sai an gani, Sarkin Musulmi ya sanar. Sau da yawa sukan dace, wannan karon an saɓa da kwana. Mai laburaren bai ɓoye komai ba, ni ne na yi gaggawa.

Malam bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Murmushi kawai ya yi ya ce, "Kayan aro ba ya rufe katara, ɗana." Almajirai biyu na tsaye suna ji.

Bayan la'asar na ƙara ɗan gurbi inda za a sa ƙarin kwana ko ragi duk farkon wata, idan an ji sanarwa a rediyo. Layi shida. Ban cire laburaren ba, aikinta take yi.

Kawu ya dawo daga Maigatari bai sayar da ragon ba. Inna ta yi ta kira, tuwo ya huce.

Rasit 40 na riga na buga jiya, da kuɗina. Gobe zan bi su ɗaya bayan ɗaya da biro.