Wasiƙa daga Illinois: ba talakawa suka kayar da Lincoln a 1858 ba

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ina gaida kowa da kowa, manya da yara. Na san na yi alkawarin bayani kan kuɗin haya da takardun zama. Haya dai tana cinye rabin albashin mutane da yawa, takardu kuma sai haƙuri, sanyin hunturu kuwa ba a magana. Sauran bayanin sai wani jiƙon, domin wata tambaya ce ta ƙi ƙarewa.

Akwai saƙon nan da ke yawo a WhatsApp mai lissafa faɗuwar Abraham Lincoln kafin ya zama shugaban Amurka, har da cewa ya faɗi zaɓen sanata a 1858. Tunda a jiharsa nake, ana ta tambayata da ƙuri'a nawa aka kayar da shi, wasu ma na cewa ai maguɗi aka yi masa. To, babu talakan Illinois ko ɗaya da ya jefa wa Lincoln ƙuri'ar sanata, haka ma abokin karawarsa Stephen Douglas. A wancan zamani tsarin mulkin Amurka ya ɗora wa majalisar dokokin kowace jiha zaɓen sanatocinta biyu. Jama'a su zaɓi 'yan majalisar jiha, su kuma su zauna su fitar da sanata. Jama'ar ma maza ne fararen fata kawai.

Majalisar Illinois zauruka biyu ce, ba ɗaya ba irin ta jihohinmu: a lokacin wakilai 75, dattawa 25, jimilla 100. Ranar 16 ga Yuni 1858 jam'iyyar Republican ta taru a Springfield ta ce Lincoln ne ɗan takararta, abin da ba a saba yi a fili haka ba. Daga Agusta zuwa Oktoba shi da Douglas na Democrat suka yi muhawara sau 7, suka fara a Ottawa suka ƙare a Alton, kusan duka kan maganar bauta da yaɗuwarta zuwa sababbin yankuna. Na farko ya yi awa ɗaya, na biyu awa ɗaya da rabi, na farkon ya dawo ya rufe da rabin awa. Duk wannan tsayuwa ta awa uku roƙo ne a zaɓi wasu mutane daban, waɗanda yawancinsu yau ba mai tuna sunansu.

Aka yi zaɓe ranar 2 ga Nuwamba. A kujerun da jiha gaba ɗaya ke zaɓa, 'yan Republican sun samu wajen ƙuri'a 125,000, mutanen Douglas wajen 121,000. Amma da aka ƙirga kujerun majalisa, Democrat na da 40 a zauren wakilai da 14 a na dattawa, Republican na da 35 da 11. Ranar 5 ga Janairu 1859 zaurukan biyu suka haɗu, Douglas ya samu 54, Lincoln 46. Ba wanda ya sauya sheƙa, ba akwatin da aka sace.

Me ya jawo? Kujerun dattawa 13 ba su shiga zaɓen shekarar ba sam, masu su na tsakiyar wa'adi, kuma 8 daga ciki 'yan Democrat ne. Tun kafin a buɗe rumfa Douglas na gaba. Sannan an shata mazaɓu bisa tsohuwar ƙidaya, alhali arewacin jihar, inda Republican ke da ƙarfi, ya cika ya batse. Chicago da ke da mutum wajen 30,000 a 1850 ta haura 100,000 a 1860. Ƙuri'un arewa suka yi ta taruwa a kujerun da an riga an ci. A ganina dai tsakiyar jihar ce ta yanke hukunci, inda tsofaffin 'yan jam'iyyar Whig suke, Republican ta rasa kujeru da 'yar tazara. Dab da zaɓe aka buga wasiƙar dattijonsu John Crittenden na Kentucky mai yabon Douglas, ta yi wa Lincoln illa a can. Mu da rabonmu da ƙidaya tun 2006, ya kamata mu riƙa tambayar mutum nawa ke bayan kowace kujera a mazaɓunmu.

Saƙon na WhatsApp bai faɗi cewa zaɓen sanata na 1855 ya fi ciwo ba. A zagayen farko Lincoln ne kan gaba da ƙuri'a sama da 40, Lyman Trumbull na da 5 kacal. Mutum biyar ɗin nan 'yan Democrat ne masu adawa da yaɗa bauta, sun kafe ba za su zaɓi ɗan Whig irin Lincoln ba. Aka yi ta zagaye, ƙuri'un Lincoln na zubewa, gwamna Joel Matteson na tasowa. Sai Lincoln ya ce wa mutanensa su koma wa Trumbull. A zagaye na 10 mai ƙuri'a 5 ya zama sanata.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne dokar da majalisar tarayya ta yi a 1866 don gyara tsarin. Ranar Talata ta biyu bayan majalisar jiha ta zauna ta naɗa shugabanninta, kowane zaure zai yi zaɓensa daban, kowa ya faɗi sunan gwaninsa da baki, a rubuta. Washegari da ƙarfe 12 na rana zaurukan biyu su haɗu a karanta. In mutum ɗaya suka fitar, magana ta ƙare. In sun saɓa, sai a yi zaɓen haɗaka, kuma dole mai nasara ya haura rabin ƙuri'un da aka kaɗa. In ba a samu ba, kullum da tsakar rana a dawo a yi aƙalla zagaye ɗaya, har a samu ko zaman majalisa ya ƙare. Nan gizo ke saƙar. Tunda fin kowa ƙuri'a kaɗai bai isa ba, mutum goma masu taurin kai na iya riƙe jiha wata da watanni, kasafin kuɗi na jira, dokoki na jira. Tunda kuma da baki ake faɗa, wanda ya biya yana zaune yana jin ko an cika masa alkawari. A Delaware, rikicin attajiri Edward Addicks ya bar jihar ba sanata ko ɗaya daga 1901 zuwa 1903.

Illinois ma ta ɗanɗana. A 1909 aka shafe watanni ana zagaye, sai a na 95 William Lorimer, ɗan Republican, ya fito da taimakon ƙuri'un 'yan Democrat sama da 50. Shekara na zagayowa jaridar Chicago Tribune ta buga ikirarin ɗan majalisa Charles White cewa dala 1,000 aka ba shi. A Yuli 1912 majalisar dattawan tarayya ta soke zaɓen. Sayen mutum ɗari da 'yan kai a zaure ɗaya ya fi sayen jiha araha, kuma duk wanda ya taɓa ganin daren deliget a zaɓen fidda gwani ba ya buƙatar ƙarin bayani. Mu ma a Jamhuriya ta Farko majalisun yankuna ne ke zama su tsamo sanatoci 12 kowanne daga sunayen da gwamna ya miƙa.

Jihohi suka fara neman hanyar zagayewa. A Oregon aka riƙa sa ɗan takarar majalisar jiha ya sa hannu cewa zai zaɓi wanda jama'a suka fi so, ko daga wace jam'iyya yake, har ta kai a 1909 majalisa mai rinjayen Republican ta zaɓi George Chamberlain na Democrat. A 1913 gyara na 17 ga tsarin mulki ya mayar da zaɓen hannun jama'a kai tsaye. Sai dai ya bar ƙofa ɗaya: in kujera ta faɗi a tsakiyar wa'adi, jiha na iya ba gwamna ikon naɗa na riƙo. A Disamba 2008 aka kama gwamnan Illinois, Rod Blagojevich, kan yunƙurin cinikin kujerar da Barack Obama ya bari. Majalisar jiha ta tsige shi a Janairu 2009, kotu ta yanke masa shekara 14 a 2011.

Wassalam, a gaida mutanen gida.