Naira ko kwabo: abin da na gani da na auna bayanan kayan aikin wakilin AI

Har yanzu raina bai gama hucewa ba kan maganar kwabon nan, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai tsira.

Aikin da aka ba ni a ofis shi ne in duba kayan aikin da za mu jona wa wakilin AI ɗinmu, wanda zai riƙa karɓar saƙon 'yan kasuwa ta WhatsApp yana fitar musu da rasit yana duba kaya a sito, in tantance wanne ne bayaninsa ya isa na'ura ta yi aiki da shi ba sai mutum ya tsaya a kanta ba. Duk ta MCP muka haɗa su, tsarin jona AI da kayan aiki na waje wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024. Wanda ya taɓa aikin ya san abin da wakilin yake gani bai wuce sunan kayan aikin, da ɗan bayanin da aka rubuta a ƙarƙashinsa, da guraben da zai cike a JSON (tsarin rubuta bayanai don na'ura) ba. Shi kenan fa. Ba ya ganin shafinku na intanet, ba ya kallon bidiyonku.

Na neman kwastoma da na duba lissafin wata ba su ba da wahala ba, mu wuce su. Na fitar da rasit ne ya yi mana ɓarna, kuma shi ne wanda kowa a ofis yake yabo, domin shafin bayanin kamfanin da ya yi shi gwanin kyau, ga misalai da Python, ga wani akwati mai shuɗi can sama an rubuta cewa duk kuɗi a kwabo ake turowa. Mutum dole idonsa ya kai kan akwatin nan. Amma a abin da suka ba wakilin, gurbin kuɗi sunansa amount, lamba ce, bayaninsa kuma "kuɗin da za a caja", iyakarsa kenan, ba naira ba kwabo.

Wani mai shagon atamfa a Kantin Kwari da yake gwaji tare da mu ya turo cewa a fitar wa wani rasit na dubu arba'in da biyar, wakilin ya tura 45000, saba, wato kwamfutar kamfanin, ta amsa cewa an yi nasara, rasit ya fita na naira 450, mai saye ya biya aka buga masa "an biya", yaron shago ya ga tambari ya miƙa kaya. Wallahi babu inda ƙararrawa ta kaɗa. An samu cikon kuɗin daga baya ta waya, amma mai shagon ya ce a cire shi daga gwajin, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wakilin bai yi shirme ba, abin da aka gaya masa ya yi. Da a ce kuskure ya fito ma da sauƙi, zai karanta ya gyara. To tun daga nan tambayata ta farko kan kowane kayan aiki ita ce: ta ina za a cike shi ba daidai ba kuma ya amsa da nasara? Ban ƙara duba amsar da wakilin ya ba kwastoma in ce an ci gwaji ba, rumbun bayanai nake buɗewa in ga abin da aka rubuta a zahiri. Wata dabarar kuma, na kan buga sunan da bayanin da guraben kawai a takarda in miƙa wa wanda bai taɓa aikin ba a ofis, in ce cike min. Duk inda ya ɗago kai ya tambaye ni, nan ne wakilin zai yi kirdado, shi kuma ba ya tambaya sau da yawa, cikewa yake yi.

Mun gyara bayanin muka sa cewa a kwabo ne, a ninka naira sau 100, ga misali 4500000 na nufin dubu arba'in da biyar. Sai da muka gwada da saƙon wani ɗan kasuwar Maraɗi muka ga wakilin ya ninka sefa ma sau 100, alhali a tsarin ISO 4217 na kuɗaɗen duniya sefa ba ta da ƙaramin kuɗi a ƙarƙashinta, dubu 20 ta zama miliyan 2. Wannan kam a gwaji muka kama shi alhamdulillahi. A ƙarshe muka cire lissafin daga hannun wakilin gaba ɗaya, ya turo nau'in kuɗi da adadi yadda ɗan kasuwa ya faɗa, kod ɗinmu ya yi ninkin, amsa kuma ta dawo a rubuce sarai "an fitar da rasit na naira kaza". Da wannan layin ɗaya yana nan tun farko da wakilin ya ga 450 da idonsa.

Za a ce ai akwai llms.txt, fayil ɗin da ake sawa a shafin intanet don AI ya karanta bayanin shafin, wanda Jeremy Howard ya kawo shawararsa a Satumban 2024. Yana da amfani ga mai rubuta kod da taimakon AI, ban musa ba, amma wakilin da yake tsakiyar hira da kwastoma ba ya tsayawa ya je ya karanto shi, don haka ba na ba da maki a kansa. Saƙon kuskure kam ina ba shi maki sosai, wanda zai ce "buƙata ba daidai ba" kawai ya sa wakilin maimaita abu ɗaya, banda wanda zai faɗi gurbin da ya lalace da yadda ake so.

Yanzu duk gurbin da yake lamba ce kuma ba a faɗi ma'auninsa ba, ba na sa hannu. Da na koma kan na sito da wannan idon sai ga shi gurbin adadin kaya ma haka yake, ba a ce yadi ba ba a ce turmi ba, turmin atamfa kuwa yadi shida ne. Na dakatar da shi har sai an rubuta.