Elmina: Tarihin da Ke Wajen Katanga

Duk ɗalibin tarihi da ya yi karatu a Cape Coast da ke gaɓar tekun Ghana, ko ba daɗe ko ba jima sai an tura shi Elmina. Tafiyar ba nisa, kilomita 12 ce ko kusa da haka, aikin kuma bai cika sauyawa ba: je ka ga gidan bayi, ka dawo ka rubuta. Rahotannin da muke kawowa kuwa sai ka rantse kwafar juna muka yi. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482 ƙarƙashin Diogo de Azambuja, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Babu ƙarya a ciki. Sai dai duka labarin masu riƙe da makulli ne, yadda ya fita daga wannan hannu ya faɗa wancan.

Malaminmu ba ya ƙin waɗannan shekaru. Abin da yake tambaya shi ne wa ke ciyar da mutanen cikin ginin, wa ke kai musu itace, wa ke fitar da kaya zuwa jirgi. Tambayar ta fi yadda take a kunne nauyi. Manyan jiragen Turawa ba sa iya matsowa gaɓa a wannan yanki saboda ƙarfin igiyar ruwa, don haka nesa suke tsayawa. Zinariya, tufafi, bindiga, giya, da mutanen da aka ɗaure, duka a kwale-kwalen mutanen gari suke ƙetare wannan tazara. Matuƙan Elmina sun yi suna har ana ɗaukarsu haya zuwa gaɓar Dahomey. In ka cire su, ginin nan da igwoginsa ba zai yi cinikin sisi ba.

Ba wai cikin ginin ba abin koyo. Wanda ya tsaya a kurkukun mata, ya ɗaga kai ya ga barandar da gwamna ke leƙowa, ya kuma ji cewa ɗakin ibadar Turawan Holan a saman wannan ɓangare yake, ba ya buƙatar dogon sharhi. Ƙofar nan ƙarama da ake fitar da mutane bakin teku, sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Jagororin wurin sun iya aikinsu, baƙi kan fito da hawaye, kuma ya dace su yi. Amma daga nan yawancinsu mota suke shiga. Suna taka wani fili da ke gaban ginin ba tare da sun dube shi ba, alhali a ganina shi ne wurin da ya fi koya wa ɗalibi aiki.

A wannan fili tsohon garin yake, cunkushe da gidajen dutse, tsakanin teku da tafkin Benya. Mutanensa sun daɗe suna ƙawance da Holan da kuma Asante, suna zaman doya da manja da maƙwabtansu Fante masu goyon bayan Ingila. Da Holan ta miƙa wurin a 1872 ba tare da yardarsu ba, sarkinsu Kobina Gyan ya ƙi yin mubaya'a, aka kore shi zuwa Saliyo. Ranar 13 ga Yuni 1873 Turawan Ingila suka buɗe wa garin wuta daga cikin ginin da kuma daga ruwa, suka ƙone shi, ba a kuma sake gina shi a nan ba. Wurin ya koma filin fareti. Sai daga 1985 da masanin tonon kayan tarihi Christopher DeCorse ya fara tono aka riƙa fito da harsashin gidaje, fasassun tangaran, duwatsun ado, lofe, da kaburburan da ke ƙarƙashin ɗakuna. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, abin da ya tsira har ka gan shi ba lallai shi ne ya fi muhimmanci ba. Sau da yawa shi ne ya rushe ɗan uwansa. Tun daga lokacin, kowace takarda aka ba ni sai na tambayi kaina wace ce aka ƙone kafin wannan ta iso hannuna.

A nan ne kuma labarin ya taɓo mu. Na taso a zango ina jin cinikin bayi na teku kamar wani abu tsakanin Turawa da mutanen kudu, mu 'yan kallo ne. To cikin dakarun da Ingila ta yi amfani da su a yaƙinta da Asante na 1873 zuwa 1874 akwai waɗanda ake kira Hausa, da aka fara tarawa a Legas ƙarƙashin jami'in Ingila John Glover. Ba dukansu ne Hausawa ba, da yawa bayi ne da suka tsere, amma Hausa ce harshen bariki. Haka kuma Salaga, inda fatakenmu ke zuwa sayen goro, babbar kasuwar bayi ce, kuma ba goro kaɗai ake lissafawa a ayari ba. Tsakanin 1831 da 1872 Holan ta kwashi sojoji kimanin 3,000 ta Elmina zuwa Indonesiya, da yawansu 'yan arewa da aka fanso a Kumasi. Waɗanda suka dawo sun zauna a unguwar da har yau ake kira Java Hill. Muna cikin waɗanda aka sayar, muna cikin dillalai, muna cikin masu riƙe bindiga. Ba daɗin rubutawa, amma rahoton da ya tsallake wannan bai cika ba.

Sauran karatun a bakin Benya na yi shi, inda kwale-kwale ke jere kamar tumaki ranar kasuwa, kowanne da tutarsa da rubutunsa. Abu na farko da mai bincike zai koya shi ne lokaci. Ranar Talata ba a fita su, ranar gyaran raga ce, kuma ita ce ranar da masunci zai ba ka kunnensa. In ka tare shi da safe ana sauke kifi, kana riƙe da biro da takarda, kai ka jiyo. Bikin Bakatue ma, na buɗe tafkin, Talatar farko ta Yuli ake yinsa. Na biyu, ka san wa za ka tambaya. Idona ya fi zuwa kan maza masu jan igiya, amma kuɗin a hannun mata yake. Su ke sayen kifin, su yi banda, su kai kasuwannin cikin ƙasa, kuma sau da yawa su ke ba da bashin man inji da za a fita da shi. Wata dattijuwa mai banda, da na ce mata Maame na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, ta warware mini yadda bashi ke ɗaure mai jirgi da mai saye fiye da yadda na karanta a ko'ina.

Daga bakin irinsu na fara jin maganar saiko. Manyan jiragen kamun kifi, masu tutar Ghana amma da bincike ya sha nuna cewa kamfanonin China ne a bayan yawancinsu, su kwashe ƙananan kifin da ya kamata ya zama rabon masu kwale-kwale, su daskarar da shi, su sayar wa wasu 'yan gari a tsakiyar teku. Doka ta haramta, amma ya yi shekaru yana tashe, Elmina ce kuma ta kasance babbar tasharsa a lokacin. Mutum ɗaya zai tsine wa jiragen don sun ƙarar da kifi, ya kuma gaya maka da cinikinsu ƙaninsa ke ciyar da gida.

Ban haɗa kifi da ɗan Adam ba, Allah ya kiyaye. Amma sai da na saurari wannan na fara gane yadda gari kan rayu a jikin babban jirgin da ke cutarsa, yadda amfani da ɓarna kan shiga gida ɗaya. Da haka na koma kan mutanen Elmina na ƙarni na 18, na daina neman ko gwaraza ne ko maciya amana, na koma neman wa ke bin wa bashi, wa ya auri 'yar wa, wa ke da kwale-kwale. Yawancin amsoshin suna cikin rajistar yau da kullum da ma'aikatan Holan suka bari, wadda ke ajiye a birnin Hague, wani ɓangare kuma an kwafo shi yana ɗakin karatu na Balme a Jami'ar Ghana da ke Legon. Asalinsu da harshen Holan na da aka rubuta su, shi ya sa yanzu nake fama da koyonsa.