Saƙon godiya bayan yaye ɗaliban ajin gina shafin intanet na Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Alhamdu lillahi, ranar Asabar da ta wuce mun yaye ɗaliban ajinmu na koyon gina shafin intanet da muke yi kowane ƙarshen mako a nan Agege. Yara sun tashi ɗaya bayan ɗaya a gaban iyayensu sun nuna abin da suka gina, kuma babu kwamfutar da ta ba mu kunya. 'Yan zaurenmu na WhatsApp sun san ba da sauƙi aka kai nan ba. Akwai lokacin da na fara tunanin a ɗage taron sai bayan Sallah, saboda wani ɗan ƙaramin abu ya ƙi zama a kwamfutocin ajin. Mutanen da suka fitar da mu ba su nemi a ambace su ba, wasu ma sun roƙe ni kada in sa sunansu. Ba zan sa ba, amma aikin da suka yi sai na faɗe shi a fili.

Editan da muke koyarwa da shi, wato manhajar da ake rubuta kod a cikinta, VS Code ne, wanda Microsoft ya fitar a 2015, kuma kyauta ake sauke shi. A kansa muke ɗora wani ekstenshan, wato ƙaramar manhajar da ke ƙara wa edita aiki, da ke sa shafi ya sabunta kansa a burauza da zarar yaro ya canza HTML ko CSS, wato kod ɗin tsarin shafi da na kwalliyarsa, ya adana. Ga gwani wannan ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Amma ga yaron da jiya-jiya ya fara riƙe linzamin kwamfuta, ya rubuta launi ya ga bangon shafinsa ya koma kore nan take, shi ne abin da ke dawo da shi aji mako mai zuwa. Ba zan faɗi sunan ekstenshan ɗin ba, don da aka bi diddigi an gano yawancin laifin ba nasa ba ne.

Kwamfutocinmu tokumbo ne, sadakar 'yan'uwa, kowacce da shekarunta da larurarta. A wasu ekstenshan ɗin ya ƙi sauka sam, sai dai a yi ta ganin saƙon kuskure na XHR failed. A wasu ya sauka ya ƙi girkuwa. A wasu kuma ya girku lafiya, ana tsakiyar darasi sai saƙo ya fito a ƙasan allo cewa mai ɗauke da ekstenshan ya mutu ba zato, shafi ya daskare, yaro ya ɗaga hannu yana "Malam, tawa ta sake yi." Shawarar da na fi samu a lokacin ita ce a goge komai a sake zuba Windows. Na gode wa masu ita, da zuciya ɗaya suka ba da ita. Sai dai da mun bi ta, da mun ƙona data da man janareta mun dawo inda muke, tunda ba mu san abin da muke gogewa ba.

Godiyata ta farko bayan Allah ga wata 'yar'uwarmu ce, 'yar Idi-Araba, da ke aikin rubuta manhaja a Yaba. Ta girme ni a wannan sana'a nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ta tashi daga aiki a gajiye, ta sha cunkoson Oshodi ta iso Agege bayan magariba. Abin da ta fara cewa shi ne, "Malam, kafin a taɓa komai, a buɗe mini wurin da editan yake rubuta abin da ke faruwa da shi." Ta zauna tana karanta layukan nan ɗaya bayan ɗaya, yara sun kewaye ta. Ita ce ta nuna mana cewa ba ciwo ɗaya ke damun kwamfutocin ba, ciwuka ne daban-daban da suka yi kama da juna.

Ta yi mana bayanin da har yanzu yara ke maimaitawa. VS Code ba ya gudanar da ekstenshan a cikin jikinsa, akwai wani shiri na daban da yake ware musu, kuma dukkansu a cikinsa suke zaune. An yi haka ne don in ɗaya ya rikice kada rubutun mutum ya tafi da shi. Amma su a junansu kamar fasinjojin danfo ɗaya ne: in motar ta mutu a kan gada, da mai laifi da marar laifi kowa sai ya sauka. Ashe wanda muke ta zargi fasinja ne kawai. Ta sa muka buɗe editan ba tare da ko ekstenshan ɗaya ba, ya zauna daram. Daga nan ta kunna Extension Bisect, wata dabara da editan yake da ita tun ƙarshen 2020. Yana kashe rabin ekstenshan ɗin ya tambaye ka ko matsalar na nan, ka amsa, ya sake raba ragowar biyu, har a tsaya a kan guda. In kana da 16, tambaya 4 ta isa. Da aka tsaya, sai ga shi wani abin kwalliya ne da yaran suka gani a bidiyo suka ɗora wa kansu, wanda mai shi ya daɗe da daina kula da shi. Dariyar da aka yi a ajin nan ta kai bakin titi. Yaya, Allah Ya saka miki da mafificin alheri, Ya ƙara ɗaukaka, Ya raya zuri'a.

Sai maganar tsofaffin kwamfutoci, kuma a nan ne aka fi shan wuya. Saboda tsadar data, mun sauke fayil ɗin ekstenshan ɗin sau ɗaya, irin wanda ke ƙarewa da VSIX, muka zuba a filash muna zagayawa da shi. Dabara ce mai kyau, editan ma ya tanadi hanyar girkawa daga irin wannan fayil. Abin da ya faru shi ne kowane ekstenshan yana rubuce a cikinsa da mafi ƙarancin sigar editan da zai iya zama a kai. Kwamfutocinmu masu Windows 7 kuwa sun tsaya a siga ta 1.70, wadda ta fito a 2022, don ita ce ta ƙarshe da ke aiki a kan Windows 7. Masu Windows mai bit 32 su ma iyakarsu 1.83 ta 2023. Sabon fayil ya zo ya tarar da tsohon edita, sai ya ce bai san zancen ba. Maganin shi ne a nemo tsohuwar sigar ekstenshan ɗin da ta dace da su, a girka, sannan a kashe sabuntawar da editan ke yi da kansa don kada wani abu ya canza ana gobe taro. Wani ƙanenmu ɗalibin jami'a da ke cikin zauren ne ya kwana yana gwada sigogin har ya dace, ya turo da asuba da ɗan gajeren saƙo, "Yaya, gwada wannan." Ban taɓa ganin fuskarsa ba. Allah Ya ba ka ilimi mai albarka, ƙanena, Ya sa ka gama lafiya.

Akwai kuma kwafi ɗaya da ya zo a gurgunce. VSIX a haƙiƙa fayil ɗin zip ne, in netwok ya yanke ana cikin saukewa sai ya zo ba gindi, editan ya ce ya lalace. Wata kwamfutar kuma an ɗauke wuta tana tsakiyar girkawa, batirinta ba ya riƙe ko minti ɗaya, sai ta bar rabin folda a ma'ajiyar ekstenshan da ke cikin .vscode. Aka goge foldar aka sake, shi ke nan.

Wadda ta fi burge ni a duk wannan lamari ɗalibarmu ce, yarinyar da ba ta cika magana a aji ba. Kwamfutoci biyu sun ƙi shiga kasuwar ekstenshan, wato inda ake sauke su a intanet, ko da netwok na da ƙarfi, mun juya mun juya. Sai ta matso a hankali ta ce, "Malam, agogon wannan fa ba daidai yake ba, shekarar ma ta wuce." Wallahi haka ne. Ɗan batirin da ke cikin kwamfuta mai riƙe lokaci ya mutu, duk sanda aka kashe ta sai kwanan wata ya koma baya. Shafuka masu tsaro kuwa suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa. In agogonka ya ce ana wata shekara can baya, kwamfutar sai ta ɗauka shaidar ba ta fara aiki ba, ta ƙi haɗawa. Manya muna ta haƙilo a cikin saituna, yarinya ta duba kusurwar allo. Na faɗa wa mahaifinta a gaban jama'a ranar taro, ina kuma maimaitawa a nan: Alhaji, don Allah a bar yarinyar nan ta ci gaba da karatu.

Daga nan sai Computer Village a Ikeja. Ina miƙa godiya ga wani mai gyara, Bayerabe, da ke da ɗan shago a wajen titin Otigba. Kowa ya san kasuwar nan, ana iya sayar maka da abin da ba ka zo nema ba. Shi wannan bawan Allah ya canza batiran agogon, ya duba injinan ya ce mini kada in ɓata kuɗi a kan sabuwar kwamfuta. Ya bayyana cewa editan an gina shi ne a kan Electron, wato akwai injin burauzar Chromium a cikinsa, ga kuma burauzar da yaro ya buɗe don kallon shafinsa, duk a kan ram, wato ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta, mai gig 4. Ya ƙara wa waɗanda za su ɗauka ram, ya sa wa mafi nauyin cikinsu faifan ajiya mai sauri da ake kira SSD, kuma da ya ji na yara ne ya yafe kuɗin hannunsa. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "gaskiya" ba, Yarabancina bai fi haka ba, da Turancin buroka muka ƙarasa. Oga, na gode, Allah Ya buɗa kasuwa.

Kuɗin kayan kuwa wani Alhaji ne dillalin tumatir da tattasai a Mile 12 ya biya, ɗansa na cikin ajin. Na fara yi masa bayanin ram da SSD, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ni ban san wannan ba, nawa ne?" Shi ne kuma ya ɗauki nauyin man janareta na makon gwaji da ranar taro. Ranka ya daɗe, Allah Ya ƙara arziki na halal, Ya kai kaya lafiya daga Arewa.

Ciwo na ƙarshe halin yara ne, kuma duk mai koyar da wannan aiki zai gamu da shi. Ekstenshan mai sabunta shafi yana gadin foldar da aka buɗe ne, yana jiran fayil ya motsa. Yaro maimakon ya buɗe foldar aikinsa kaɗai, sai ya buɗe uwar foldar da ke ɗauke da hotunan biki da karatuttuka da bidiyon ƙwallo. Waɗanda suka fara taɓa npm, manhajar sauke kod ɗin da wasu suka rubuta, kuma suna da foldar node_modules mai dubban fayiloli. Injin ya yi ta gadin abin da ba ruwansa da shi, fanka na kuka, har ya gaji. Yanzu dokar ajinmu ce: aiki ɗaya, folda ɗaya, kuma an saka node_modules cikin abubuwan da ba a gadi. Mun kuma hana buɗe tagogin edita barkatai, don kowace taga tana neman tata ƙofar, wato adireshin da za ta fitar da shafinta a burauza, yaro ya rikice yana gyara wannan yana kallon wancan.

Ina gode wa Baba Liman da kwamitin makarantar Islamiyyar da suka ba mu aji ba tare da sisin kwabo ba. Da muka nemi a bar mu mu kai dare a makon ƙarshe, Baba cewa ya yi, "Ku dai rufe tagogi in kun gama, kuma kada sallah ta wuce ku." Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Iyayenmu mata da suka yi waina da zoɓo ranar taro, da Hajiyar da ta bari 'yarta ta yi shafin turaren wutarta har ta zo da kayan aka ɗauki hoto, Allah Ya saka. Maigadin makaranta da ya riƙa jiranmu da makulli, ban manta da kai ba. Uwargidana, wadda ta jure kwamfutocin mutane jibge a tsakar ɗaki da ƙarar fanka har tsakar dare, sannu da haƙuri, Allah Ya bar mu tare.

Akwai kuma mutanen da ba za su taɓa karanta wannan ba. Yawancin ekstenshan ɗin nan ɗaiɗaikun mutane ne ke rubuta su a lokacin hutunsu, su sake su kyauta. Lokacin da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa na ji wasu a zaure suna zagin mai shi. Ni ban ga dalili ba. Mutum bai karɓi ko naira ɗaya a hannunmu ba, bai san akwai wani aji a Agege da ke dogara da aikinsa ba. Da shi da waɗanda suka rubuta matsalolinsu da maganinsu a GitHub, dandalin masu rubuta manhaja, muka zo muka tsinta, suna da hakkin godiya a kanmu.

Ga ɗalibaina: kun yi haƙuri da zama biyu-biyu a kan kwamfuta ɗaya, kun rubuta kod a takarda ranar da inji ya ƙi, babu wanda ya gudu. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa abin da kuka koya ya zama hanyar abinci.

Filash ɗin da muka tara fayilolin a ciki yana wurina, an ware na Windows 7 daban, na bit 32 daban, na sababbi daban, da 'yar takardar bayani da Hausa. Duk mai irin wannan aji a Alaba Rago, Obalende, Idi-Araba ko Mile 12 ya yi magana a zaure ya zo ya kwafa, kyauta ne. Sabon zango zai fara bayan Sallah in Allah Ya kai mu. Wanda zai zo da kwamfutarsa ya kawo ta mako guda kafin a fara a duba ta, da cajarta.

Wassalamu alaikum.